Masu Kabu-kabu da Dokar Gwamnati

Darasinmu na yau a kan babur ne, da mai babur, da irin dokar da Gwamnati takan kawo a kansu. Malami zai fara karantawa, kowa ya bi da yatsa. Sa'an nan mu karanta da ɗaya ɗaya, kāna mu amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

1. Babur a ƙasarmu

Gidan Katta tana cikin ƙasar Illela, a arewacin Jihar Sakkwato, kusa da iyakar Nijar. Daga Illela zuwa birnin Sakkwato kilomita 80 ne da 'yan kai, ta Gwadabawa da Kware. Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni kuwa tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Ran Lahadi kasuwar Illela take ci. Duk wanda ya tsaya bakin hanya ran nan, in ya ce zai ƙidaya babura, sai ya gaji.

Kakanninmu da jaki da raƙumi suka yi fatauci. Iyayenmu suka sami keke. Mu kuwa babur ne jakinmu. Shi ke kai buhun gero kasuwa. Shi ke ɗauko albasa daga fadama. Shi ke kai malami makaranta, ya kai mai allurar rigakafi ƙauye. In mace ta fara naƙuda da tsakad dare, shi ke kai ta asibiti. Da damina, inda mota ta kafe, babur yakan wuce.

A nan Sakkwato da Ƙonni kabu-kabu muke ce wa wannan sana'a. A Kano acaɓa suke cewa. A kudu kuwa okada. Sana'ar ta yaɗu ne tun shekarun 1980, lokacin da kuɗi suka yi wuya, motoci suka yi tsada. Daga baya babura masu sauƙin kuɗi suka shigo daga Sin da Indiya, irin su Jincheng da Boxer, samari suka yi ta kama sana'ar. Da yawa daga cikinsu baburan ba nasu ba ne. Kullum da yamma sai su kai wa mai babur balas, abin da ya ragu shi ne na cefane.

To, kun ga babur guda gida biyu yake ciyarwa, wani lokaci uku, gama bakanike ma da shi yake ci. Saboda haka in aka taɓa babur, an taɓa tukunyar mutane da yawa.

2. Me ya sa Gwamnati take sa doka?

Dalili na fari haɗari ne. Mai mota ƙarfe ne ya kewaye shi. Mai babur kuwa jikinsa ne bangonsa. In ya faɗi, sau da yawa kai ne ke fara dukan ƙasa. Ƙafa in ta karye, mai ɗori yana gyarawa. Kai in ya fashe, gyaransa da wuya. Binciken likitoci ya nuna hular kwano mai kyau, in an ɗaure igiyarta, tana rage mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100.

Dalili na biyu tsaro ne. Abin da ya sa babur ya yi mana amfani, shi ya sa ya yi wa mugu amfani. Yana shiga daji, yana bin 'yar siririyar hanya, ba ya shan mai da yawa. 'Yan bindigar da suka addabi gabashin Sakkwato da Zamfara da Katsina a kan babura suke zuwa. Wannan ba labari ba ne gare mu, mun san shi.

Dalili na uku kuɗi ne. Gwamnati tana karɓar kuɗin lamba, da na lasin, da na tikiti. Da irin waɗannan kuɗi ake cewa za a yi hanya da asibiti.

Dalilan nan uku ba na banza ba ne. Wanda zai yi jayayya da doka, tilas ya fara sanin dalilinta.

3. Doka iri biyu ce

Akwai dokar gyara, akwai dokar hani. Mu lura da bambancinsu da kyau.

Dokar gyara takan ce: yi sana'arka, amma bisa sharaɗi. Sa hular kwano. Yi wa babur lamba. Yanki lasin. Kada ka ɗauki mutum uku. Kada ka ba yaro ƙarami tuƙi. Wannan doka tana cin kuɗi, tana da takura, amma sana'a tana nan.

Dokar hani takan ce: ajiye babur. Ko dai a hana shi da dare, ko a hana shi a wasu hanyoyi, ko a hana shi ɗungum. A watan Yuli 2011 an hana babura a Maiduguri saboda harin Boko Haram. A watan Mayu 2019 sojan Nijeriya suka hana hawan babur a cikin dazuzzukan jihohi bakwai, har da tamu. A shekarar 2021, da fitinar 'yan bindiga ta tsananta, Gwamnonin Zamfara da Katsina da Sakkwato suka sa hannu a kan dokokin tsaro. Tamu Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ne ya sa mata hannu a farkon watan Satumba. Dokokin nan sun hana sayar da fetur a jarka, sun taƙaita hawan babur da dare, sun hana goyon mutum uku. A Nijar ma an yi haka a jihar Diffa a 2015, da wasu sassan Tillaberi a 2020.

Kukan da ya dace da dokar gyara dabam, wanda ya dace da dokar hani dabam. Ga labarai huɗu na gaskiya, mu ga yadda masu babura suka yi, da abin da suka samu.

4. Labari na ɗaya: hular ƙwarya

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa an kafa ta a 1988. Ita ce ta yi shela cewa daga ran 1 ga Janairu 2009 duk mai hawan babur sai ya sa hular kwano, shi da wanda ya goya. An yi ta sanarwa tun kafin ranar.

Da ranar ta zo, hula ta yi tsada, ta yi wuyar samu. A Kaduna masu acaɓa suka yi jerin gwano a kan baburansu, suna kukan tsadar hula. A Kano wasu suka kifa ƙwarya a ka, suka ɗaura mata igiya. Wasu suka sa tukunya ko bokitin fenti. Jami'ai suka kama babura. Fasinja kuma suka ce ba za su sa hular da wani ya sa ba, don tsoron cutar fata, wasu don tsoron sammu. Labarin ƙwaryar nan har gidajen rediyon Turai sun ba da shi, duniya ta yi dariya.

Kukan tsada gaskiya ne. Amma an yi shi bayan doka ta fara aiki, watau ihu bayan hari. Ba a soke dokar ba. Ƙwarya kuwa ba ta taɓa tsare kan kowa ba. Da tun watannin sanarwa ƙungiyoyi suka nemi a ƙara musu lokaci, ko a kawo hula da rangwame, ko a biya kaɗan kaɗan, da maganarsu ta fi nauyi.

5. Labari na biyu: fushin Ikko

Ikko, watau Legas, tana da nisa, amma labarinta namu ne, gama 'ya'yanmu da yawa can suke zuwa cin rani da babur. A 2012 Gwamnatin Legas ta yi dokar hanya, ta hana okada bin hanyoyi 475. A watan Oktoba na shekarar masu okada suka fusata, wasu suka farfasa manyan motocin safa na Gwamnati. Doka ba ta motsa ba. Sai ma mutanen gari suka ƙara jin haushinsu.

A watan Fabrairu 2020 aka ƙara faɗaɗa hanin. Ran 1 ga Yuni 2022 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya hana okada ɗungum a ƙananan hukumomi shida. A cikin watan nan aka murƙushe babura fiye da 2,000 da aka kama, aka mai da su tarkacen ƙarfe. Samari da yawa suka komo Arewa hannu wofi.

Wanda ya fasa motar jama'a ya ba mai hana shi hujja. Dā ana cewa wasu masu babura ba su da ɗa'a, sai ga shi sun nuna wa duniya da hannunsu.

6. Labari na uku: Kano

Ran Asabar 19 ga Janairu 2013 'yan bindiga suka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari a cikin birni. Sarki ya tsira, amma direbansa da wasu dogarawansa sun rasu. Bayan kwana uku, ran 22 ga wata, Gwamnatin Kano ta hana goyo a kan babur a cikin birni da kewaye. Dubban masu acaɓa suka wayi gari ba sana'a. Ba su suka kai hari ba, amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Wasu suka koma ƙauye, wasu suka tafi wasu jihohi, wasu suka kama tuƙin keke mai ƙafa uku, wanda Kanawa ke kira A Daidaita Sahu.

A nan ba a sami zarafin kuka ba, gama abin ya zo a gaggauce. Abin lura shi ne, hukuma ba ta da hanyar rarrabe mai neman halaliyarsa da mugu. Da kowane mai acaɓa yana da rajista da lamba da wanda ya tsaya masa, da an sami abin nunawa.

Bayan shekara tara, a watan Janairu 2022, masu A Daidaita Sahu suka yi jayayya da hukumar KAROTA, mai kula da hanyoyin Kano, a kan kuɗin sabunta takarda. Suka ajiye kekunansu a gida. Mutanen birni suka yi ta tafiya a ƙasa, 'yan makaranta da 'yan kasuwa duka. Cikin 'yan kwanaki aka zauna, aka yi sulhu, aka rage kuɗin. Wannan shi ake kira yajin aiki. Ya nuna wa gari amfanin masu sana'ar, ba tare da sun ɗauki dutse ba.

7. Labari na huɗu: shawarar 2022

Ran 21 ga Yuli 2022 Majalisar Tsaro ta Ƙasa ta zauna a Abuja, Shugaba Muhammadu Buhari yana jagoranta. Da aka tashi, Ministan Shari'a Abubakar Malami ya gaya wa 'yan jarida cewa Gwamnati tana duba yiwuwar hana babura a ƙasa baki ɗaya, don a karya lagon 'yan ta'adda. Ya nuna cewa waɗanda abin zai shafa ba su wuce kashi 20 cikin 100 na jama'a ba.

Mu yi lissafi. Mutanen Nijeriya sun haura miliyan 200. Kashi 20 cikin 100 na miliyan 200, miliyan 40 ke nan. Ashe abin da aka ce kaɗan ne ba kaɗan ba ne.

Ku lura, wannan shawara ce, ba ta zama doka ba tukuna. Masu babura ba su jira ba. Shugabannin babbar ƙungiyarsu ta ƙasa, ACOMORAN, suka kira 'yan jarida. Suka ce miliyoyin mutane za su rasa abinci, zaman banza kuma shi ke haifar da ɓarna. Suka nemi a tsara sana'ar a maimakon a kashe ta. Jaridu da gidajen rediyo suka ɗauki maganar. A cikin watan nan wani wakili daga Jihar Jigawa ya kai batun gaban Majalisar Wakilai, Majalisa ta nemi Gwamnati ta dakata sai ta tanadar wa mutane mafita. Har Gwamnatin ta sauka ran 29 ga Mayu 2023, ba a hana babura a ƙasa baki ɗaya ba.

Bakuna da yawa ne suka taru a kan wannan magana. Amma masu babura sun yi abu uku daidai. Sun yi magana da wuri. Sun yi magana da murya ɗaya. Sun kawo wata hanya a madadin wadda suka ƙi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

8. Yadda ake yin doka

In za mu yi kuka da wuri, sai mun san hanyar da doka take bi. Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato tana da wakilai 30, Illela tana da nata a ciki. Doka tun ba ta zama doka ba sunanta ƙuduri. Ana karanta ƙuduri sau uku a Majalisa. Bayan karatu na biyu sai a miƙa shi ga kwamiti. Sau da yawa kwamiti yakan kira zaman jin ra'ayin jama'a. A nan ne ƙungiya take da damar tashi ta yi magana, ta miƙa takarda. Bayan karatu na uku sai a kai wa Gwamna ya sa hannu. Kafin sa hannu, canja kalma guda abu ne mai sauƙi. Bayan sa hannu kuwa sai an sake komawa Majalisa, ko a tafi kotu.

Akwai kuma umarnin da Gwamna kan bayar da kansa lokacin fitina, kamar na 2021. Shi ba ya bin wannan doguwar hanya. Amma wanda ya sa shi yana iya sassauta shi, in an kai masa hujja.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 40, ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiya da yin taro cikin lumana. Sashe na 45 kuma ya ba hukuma ikon taƙaita wannan 'yanci da doka saboda tsaro da zaman lafiya. Watau taro halal ne, tarzoma laifi ce.

9. In aka kawo shawarar doka gobe

Na ɗaya, a nemi takardar dokar, a karanta ta a gaban kowa. Jita-jitar tasha ba doka ba ce.

Na biyu, a rarrabe. Wane sashe ne na gyara, wane ne na hani? Na gyara a karɓa, a nemi sauƙin kuɗi da isasshen lokaci. Na hani a kawo madadinsa. In an hana fita da dare, a roƙi a keɓe mai ɗauke da marar lafiya. In ana tsoron baƙin babura, a ce ga rajistarmu, ga rigarmu mai lamba, ga mai unguwar da ya san kowane ɗayanmu.

Na uku, a rubuta takardar koke. A sa kwanan wata. A faɗi yawan 'yan ƙungiya, da yawan bakin da suke ciyarwa, da ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Kada a ƙara, kada a rage, gama ƙarya guda tana rushe gaskiya goma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin kafin a gyara.

Na huɗu, a bi ƙofa. A kai wa hakimi da uban ƙasa, a kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma, a kai wa wakilinmu na Majalisa. A riƙe kwafe guda a akwatin ƙungiya. A jawo manoma da 'yan kasuwa da ma'aikatan asibiti su sa hannu, gama abin ya shafe su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, in har sai an fita, a sanar da 'yan sanda, a naɗa dattawa su shige gaba. Ba sanda, ba dutse, ba ƙona taya, ba tare hanyar asibiti. Wanda ya zo da ɓarna a fitar da shi, ko ɗan'uwa ne.

Masu kabu-kabu ma akwai nasu nauyin. Wanda ke gudun wuce sa'a a cikin kasuwa, da wanda ke shan ƙwaya ya hau babur, da wanda ke kai wa 'yan daji mai da abinci, su ne ke jawo wa sauran doka mai tsanani. Ƙungiyar da ta hori nata tun a tasha, in ta je gaban hukuma ana saurarenta. Mu kuma fasinja, kada mu ce wa yaro ya ƙara wuta don muna sauri, kada mu ƙi hula in an miƙo mana. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya ba ƙasarmu lafiya, amin.

Sababbin kalmomi

Ƙuduri: doka tun ba a sa mata hannu ba.
Kwamiti: 'yan mutane kaɗan da aka zaɓa su duba wata magana.
Rajista: rubuta suna da lamba a littafin hukuma ko na ƙungiya.
Zanga-zanga: fitowar jama'a don nuna ƙin wani abu.
Yajin aiki: ajiye aiki da gangan har a saurari kuka.
Madadi: abin da aka kawo a maimakon wani.

Tambayoyi

1. Faɗi dalilai uku da ke sa Gwamnati ta yi doka a kan babura.
2. Mene ne bambancin dokar gyara da dokar hani? Kawo misalin kowace.
3. A wace shekara aka fara tilasta sa hular kwano? Me wasu suka sa a maimakonta?
4. Me ya faru a Kano ran 19 ga Janairu 2013, me kuma ya biyo baya?
5. Waɗanne abubuwa uku masu babura suka yi daidai a 2022?
6. Sau nawa ake karanta ƙuduri a Majalisa? A wane lokaci jama'a suke iya magana?

Lissafi

A ce wata tasha tana da masu kabu-kabu 40, kowannensu yana ciyar da mutum 6. In aka hana sana'ar, mutum nawa abin zai shafa, har da su masu baburan?

Aikin rubutu

Kowa ya rubuta layi biyar zuwa ga hakiminsa. Ya faɗi abu ɗaya da yake so a gyara a sana'ar kabu-kabu, da abu ɗaya da yake roƙon kada a hana. Ya sa kwanan wata a sama, sunansa a ƙasa. A kawo wa malami ran darasi mai zuwa.